Daga Zauren Zango: Mai Waswasin Saki

A wannan watan wasiƙar wata baiwar Allah daga Yendi ce ta tsayar da mu. Ta ce ƙanenta, ɗan kasuwa mai shekara uku da aure, ya rame ya lalace alhali ko zazzaɓi bai yi ba. Kullum zuciyarsa raya masa take yi wai ya saki matarsa. In ya ce wa yaron shago "tafi", sai ya tsaya yana tunanin ko da matar yake nufi. In ya yi tari, sai ya ce ko kalmar ce ta kuɓuce masa. Ya ga malamai huɗu a Yendi, ya shiga mota har Salaga wurin na biyar, kowa ya ce masa aurensa na nan daram. Hankalinsa kan kwanta daga azahar zuwa la'asar, sai kuma ya buga mata waya: "Yaya, don Allah, jiya da muke zaune kin ji na faɗi wani abu?" Matar kuwa har ta fara haɗa kayanta, domin a ganinta namijin da ba shi da zance sai na saki, hanya yake nema.

To, mu ba masu ba da fatawa ba ne, amma wannan ciwo ba baƙo ba ne a wurin malamanmu. Duk wanda ya zauna gaban malami a makarantar zango ya karanta Ahalari, ya ji hukuncin mai waswasi a salla: ba ya komawa ya kawo abin da yake shakka a kai, watsar da waswasin ake umurtarsa ya yi. Kuma ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Allah Ya yafe wa wannan al'umma abin da zukata suka raya, muddin ba a furta ba, ba a aikata ba. Aure an ɗaura shi da waliyyi da shaidu, an raba goro, kowa ya gani. Shakka ba ta kwance abin da yaƙini ya ƙulla.

Duk wannan yaron ya san shi, ya ji shi sau biyar. Ba ilimi ya rasa ba. Likitoci suna kiran irin wannan ciwo OCD, wato tunanin da ke faɗo wa mutum ba da son ransa ba, ya tsorata shi, sannan ya tilasta masa yin wani abu don ya samu sauƙi. Wani alwala yake ta maimaitawa har jam'i ya wuce shi. Wata amarya ce, tana ƙaunar mijinta, amma ta yini tana bincikar zuciyarta ko son na gaskiya ne. Ana ƙiyasin a cikin mutum 100 ba a rasa 1 ko 2 masu fama da shi, kuma galibi masu tsantseni yake kamawa ta wajen abin da suka fi tsoron ɓatawa. Da bai damu da matarsa ba, da tunanin bai hana shi barci ba. Wannan magana a fara gaya wa matar ita, tun kafin ta kai tasha.

Abin da zai yi wa 'yar'uwarmu nauyi shi ne wannan: amsar da take ba shi kullum, "wallahi ba ka ce komai ba", ita ke ciyar da ciwon. Kamar susar ƙaiƙayi ne, da daɗi a lokacin, an jima kuma ya dawo ya fi na da. Ba laifinta ba ne, tausayi ne ya sa, kuma mu ma da haka za mu yi. Amma a zaɓi malami ɗaya da ya amince da shi, ya yanke masa hukunci sau ɗaya, in ya so ya rubuta masa a takarda. Daga nan, a lokacin da hankalinsa ke kwance, a yi yarjejeniya da shi cewa ba za a ƙara amsa wannan tambaya ba. In ya kira, sai ta ce, "Ƙanena, na ji kana cikin wahala, amma wannan tambayar ta waswasi ce, mun yi alkawari ba zan amsa ba. Ka ci abinci kuwa?" Zai ji zafi, wataƙila har ya yi fushi. Fargabar takan hau ta kai ƙololuwa, sannan ta sauka da kanta in ba a biye mata ba, kuma a kan wannan ne masana suka gina hanyar da suke bi wajen warkar da shi. Ban da tsawa, ban da dariya, ban da "imaninka ne ya yi rauni". Kuma don Allah a bar yaɗa zancen a majalisa, mun san halin zangonmu.

Addu'a a ci gaba da yi, amma a haɗa da asibiti. Mun san abin da ke sa mutanenmu ja da baya. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati guda uku, na Ankara da aka buɗe a 1906, da Ankaful a 1965, da Pantang a 1975, duk a kudu suke, don haka mutumin Bawku yake ganin sai wanda aka ɗaure da sarƙa ake kaiwa can. Amma tun bayan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012, manufar hukuma ita ce a duba mutum kusa da gidansa. A je asibitin gari, a Yendi ne ko Salaga ko Bawku, a nemi nas mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa; in abin ya fi ƙarfinsa zai tura mutum Tamale. Akwai ƙwayoyi irin su fluoxetine da ke taimakawa, sai dai sukan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin a ga amfaninsu sosai, kada a sha na sati biyu a ce bai yi ba. In kuwa ya fara cewa gara ya mutu ya huta, to ranar za a kai shi, ba gobe ba.

Ita kuma matar, kada a bar ta ta zama mai gadin bakin mijinta dare da rana. A tafi da ita asibitin ta ji bayani da kunnenta, kuma in ta ce tana so ta je gidansu ta huta kwana biyu, kada dangin miji su ce yaji ta yi.