SUDAN: LAIFIN MASU ZANGA-ZANGA NE KO NA MASU BINDIGA?



Akwai wata magana da ta zama ruwan dare tun lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan a shekarar 2023. Da zarar an ambaci zanga-zanga sai wani ya yi caraf ya ce, "To ai ga Sudan nan, da sun yi haƙuri da Umar al-Bashir da yanzu suna zaune a gidajensu lafiya." Maganar tana da daɗin faɗa, kuma duk wanda ya ga hotunan birnin Khartum bayan an ragargaza shi zai ji kamar gaskiya ce. To amma ni dai ban yarda da ita ba, kuma ina roƙon mai karatu ya ba ni aron hankalinsa mu bi labarin daki-daki, daga nan kowa ya yanke hukunci da kansa.

Da farko dai, mutanen Sudan ba baƙin wannan harka ba ne. A watan Oktoba na 1964 'yan sanda suka harbe wani ɗalibin Jami'ar Khartum mai suna Ahmad al-Ƙurashi, jana'izarsa ta rikiɗe ta koma gangami, ma'aikata suka tafi yajin aiki, kafin a ce kwabo mulkin Janar Ibrahim Abbud ya rushe. A watan Afrilu na 1985 aka sake maimaitawa. Tsadar burodi da man fetur ta fito da jama'a kan titi a daidai lokacin da Ja'afar Numeiri yake ziyara a Amurka, ranar 6 ga watan sojoji ƙarƙashin Janar Suwar al-Dahab suka sanar da tuɓe shi. Sau biyu ke nan talakawa da hannu banza suna kayar da soja. Sai dai kuma duka sau biyun soja ya dawo, Numeiri a 1969, Bashir kuma ranar 30 ga Yuni 1989. Ku riƙe wannan a ranku, za mu dawo kansa.

Shekara talatin Bashir ya yi yana mulki. A zamaninsa aka yi ta'asar Darfur wadda ta sa kotun duniya ta ICC ta ba da sammacin kama shi a 2009 da kuma 2010. A zamaninsa Kudancin Sudan ta ɓalle a 2011, ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur ɗin ƙasar. Da aljihun gwamnati ya bushe sai aka juyo kan talaka. A watan Satumba na 2013 aka janye tallafin mai, jama'a suka fito, aka buɗe musu wuta, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka ce an kashe mutane wajen 200. A wannan shekarar ce kuma Bashir ya tattara mayaƙan Janjawid da ya yi amfani da su a Darfur, ya ɗinka musu kaki, ya raɗa musu suna RSF, ya ɗora Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemedti, a kansu. Dalilinsa a fili yake. Shi kansa da juyin mulki ya hau, don haka bai yarda da sojojinsa ba, yana son wata runduna ta daban wadda za ta tsare shi daga sojojin. Wannan ita ce kura da ya reno a cikin gida.

Yanzu sai mu zo kan Disambar 2018. Burodin da ake saya fam ɗaya ya koma fam uku, ga layin mai, ga layin banki, mutum da kuɗinsa ba ya iya cira. Ranar 19 ga watan mutanen Atbara, garin ma'aikatan jirgin ƙasa, suka cinna wa ofishin jam'iyya mai mulki wuta. Daga nan abin ya bazu. Ƙungiyar ƙwararrun ma'aikata ta Sudan, wadda ta haɗa likitoci da malamai da lauyoyi da injiniyoyi, ita ce ke fitar da jadawalin fita, kwamitocin unguwanni kuma su ke tara jama'a. Wata huɗu ana abu ɗaya: su fito suna cewa "silmiyya", wato cikin lumana, a amsa musu da barkonon tsohuwa da bulala da harsashi. An kama wani malamin makaranta, Ahmad al-Khair, a Khashm al-Girba, aka azabtar da shi har ya rasu a hannun jami'an tsaro a farkon Fabrairun 2019. An yi haka ne don a tsorata saura, sai ga shi abin ya zama kamar an watsa wa wuta fetur.

Ranar 6 ga Afrilu 2019, ranar tunawa da faɗuwar Numeiri, dubban mutane suka isa ƙofar hedikwatar sojoji a Khartum suka yi zaman dirshan. Mata ne a sahun gaba, har aka riƙa kiransu Kandaka, sunan sarauniyoyin daular Kush ta dā. Da jami'an tsaro suka zo cikin dare za su tarwatsa su, wasu ƙananan sojoji suka fito suka kare su. Wannan shi ne abin da ya tayar wa manyan hafsoshi hankali, suka ga idan ba su yi da gaske ba rundunar ce za ta dare gida biyu. Ranar 11 ga Afrilu suka tuɓe Bashir. Janar Awad Ibn Auf da ya gaje shi kwana ɗaya tak ya yi, titi ya ce bai yarda ba, ya sauka, Janar Abdul Fattah al-Burhan ya hau, Hemedti ya zama mataimakinsa.

Mu da muka saba da littattafan hikaya mun san cewa a nan ne marubuci yake ajiye alƙalami. Azzalumin sarki ya faɗi, an buga tambura, sai a rubuta tammat bi hamdillah. To rayuwa ba haka take ba, tana da littafi na biyu, kuma a Sudan na biyun ya fi na farko ɗaci. Abin da ya faru ranar 11 ga Afrilu shi ne, hafsoshi sun cire hula sun jefa wa jama'a don su tsira da kawunansu. Masu zanga-zanga sun gane haka, shi ya sa suka ƙi tashi daga ƙofar hedikwata, suka ce sai an miƙa mulki ga farar hula. Kusan wata biyu suna nan, suna dafa abinci tare, suna buɗe baki tare cikin watan azumi. A ɗaya ɓangaren kuma Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka yi wa majalisar sojan alƙawarin tallafin dala biliyan 3. Wanda yake da irin waɗannan iyayen gida, me zai sa ya yi gaggawar sauka?

Da asubahin ranar 3 ga Yuni 2019, wadda ta yi daidai da 29 ga Ramadan, dakarun RSF da sauran jami'an tsaro suka afka wa wurin. Suka yi harbi, suka ƙona tantuna, suka yi wa mata fyaɗe, suka jefa gawarwaki cikin kogin Nilu. Kwamitin likitoci ya ce an kashe fiye da mutum 100, kuma an tsamo gawa 40 daga kogi, gwamnati kuwa ta ce 61 ne. Aka toshe intanet fiye da wata guda don kada duniya ta gani. Duk wannan a ƙofar hedikwatar sojojin ƙasa, jajibirin Sallah. Bayan 'yan kwanaki kakakin majalisar sojan, Janar Shamsuddin Kabbashi, ya amsa da bakinsa cewa su ne suka ba da umarnin tashin wurin, sai dai wai an yi kurakurai.

Abin mamaki, mutane ba su koma gida sun rufe ƙofa ba. Babu intanet, amma kwamitocin unguwanni suka bi gida-gida da takardu da saƙon baki, ranar 30 ga Yuni jama'a suka sake cika tituna maƙil. Wannan fitar, haɗe da dakatarwar da Tarayyar Afirka ta yi wa Sudan da shiga tsakanin da Habasha ta yi, ita ce ta tilasta wa sojoji zama teburin sulhu. Ranar 17 ga Agusta aka sa hannu kan yarjejeniyar raba mulki, Abdallah Hamdok ya zama firaminista.

A nan ne, a ganina, shugabannin farar hula suka yi kuskuren da ya fi kowanne. Sun yarda su zauna a majalisa ɗaya da mutanen da ake zargi da jinin 3 ga Yuni, har suka bar wa soja shugabancin majalisar na watanni 21 na farko. An kafa kwamitin bincike ƙarƙashin lauya Nabil Adib, amma bai kai ga fitar da sakamako ba, babu babban hafsa ko ɗaya da ya gurfana. Ba a taɓa kamfanonin sojoji ba, ba a miƙa Bashir ga kotun duniya ba. Su kansu 'yan siyasar suka shiga rigimar rabon kujeru. Mutumin da ya san cewa ranar da ya sauka daga kujera ranar zai hau kujerar tuhuma, kana jin zai sauka da daɗin rai? Saura 'yan makonni a miƙa shugabanci ga farar hula, ranar 25 ga Oktoba 2021, Burhan da Hemedti suka haɗa kai suka yi juyin mulki. Jama'a suka sake fitowa, aka sake kashe fiye da 100 cikin watannin da suka biyo baya.

Daga ƙarshe kuraye biyun suka juya wa juna. Rigimar ita ce yaushe za a narkar da RSF cikin rundunar soja, sojoji suka ce shekara 2, Hemedti ya ce 10. Ranar 15 ga Afrilu 2023 aka fara ɓarin wuta a tsakiyar Khartum. Fiye da mutum miliyan 12 suka bar gidajensu, yunwa ta kama yankuna da dama, abin da aka yi wa mutanen El-Geneina a 2023 da na El-Fasher a 2025 kuwa baki ba zai iya faɗa ba. Cikin waɗanda abin ya rutsa da su akwai Hausawan Sudan, jikokin maniyyatan da suka yada zango a hanyar Makka da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, irin mutanen garin Mai Wurno da ke gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sennar. Don haka ba labarin wasu can nesa ba ne.

To yanzu sai in tambayi masu cewa da an yi haƙuri. Wa ya kafa RSF, ɗalibai ne ko Bashir? Wa ya ba ta makamai da ma'adinan zinariya, ya tura ta Yaman ta samo kuɗi, mai sayar da shayi ce a bakin titi ko gwamnati? Rundunoni biyu a ƙasa ɗaya, kowacce da shugabanta da baitulmalinta, ko ba a yi zanga-zanga ba wata rana sai sun gwabza, ko da kuwa ranar da Bashir ya kwanta dama ne. Shi ya haƙa ramin, ya rufe bakinsa da tabarma, masu zanga-zanga tabarmar kawai suka yaye. Sannan zaman lafiyar da ake cewa an rasa, a tambayi mutumin Darfur ko na tsaunukan Nuba ko ya taɓa ɗanɗana shi a zamanin Bashir. Yaƙin yana nan tun tuni, Khartum ce kawai bai iso ba.

Ban ce duk wata fita kan titi alheri ce ba, kuma ban raina tsoron da iyaye suke ji ba, don wanda ya binne ɗansa shi ya san zafin abin. Darasin da na ɗauka daga Sudan shi ne, titi yana iya kayar da mutum ɗaya, amma rusa gidan da ya gina sai da shiri mai tsawo, da haɗin kai bayan nasara, da kuma tsayawa kai da fata a kan cewa wanda ya harbi talaka sai ya amsa tambaya a gaban alƙali. Sau uku mutanen Sudan suna yin na farkon, 1964 da 1985 da 2019, sau uku kuma ana ƙwace musu a na biyun. Ga masu mulki kuma, a ko'ina suke, Bashir ya yi harbi a 2013 ya ga kamar ya ci nasara, ashe bashi ya ci, bayan shekara biyar da 'yan watanni aka zo karɓa.

Idan za mu ɗora laifi, mu ɗora shi inda ya dace. Wanda ya fito da kwali a hannu yana neman burodi da adalci ba shi ya ƙona Khartum ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kawo wa mutanen Sudan ƙarshen wannan musiba, Ya ba mu shugabanni masu jin kukan talakawa tun kafin kukan ya kai titi. Amin.

Wanda yake da wata fahimta daban, ƙofa a buɗe take. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah Ya kai mu.

Wassalam.