Eriyar Rediyon Tauraro: A Dubi Sama Kafin A Biya Kuɗi

Tun da ciniki ya koma kan intanet, kaya iri iri sun cika wa jama'a ido, har da waɗanda ba a saba ganinsu a kantunan garuruwanmu ba. A cikinsu akwai wata 'yar eriya baƙa, ba ta kai tafin hannu ba, da maganaɗisu a gindinta da doguwar waya, wadda masu talla ke cewa tana kamo rediyo daga tauraron ɗan Adam. Abin da ke jawo hankalin mutanenmu gare ta shi ne motocin nan na hannu da a ke shigowa da su daga Amurka, waɗanda a kan ga an rubuta SAT ko XM a kan maɓallin rediyonsu. Mai mota ya danna ya ji shiru, sai ya zaci eriya ce ta mutu, ya shiga neman sabuwa. Tambayarsa ita ce ƙaƙa zai bambanta ta gaskiya da jabu. To, tambaya ce mai kyau, amma akwai wadda ta riga ta: shin akwai tauraron da ke yi wa wannan eriya magana a samaniyar ƙasar da ya ke zaune?

Ga asalin al'amarin. Kamfanoni biyu ne su ka fara wannan irin rediyo a Amurka, watau XM a 2001 da Sirius a 2002, sa'an nan su ka haɗe a 2008 su ka zama SiriusXM. Suna watsa shirye-shiryensu a kan zangon megahaz 2,320 zuwa 2,345, domin masu saurare na Amurka da Kanada waɗanda ke biyan kuɗin wata. Taurarin da XM ta kafa suna tsaye ne bisa tsakiyar duniya, nisan kamar mil 22,000 daga ƙasa, wajen digiri 85 da digiri 115 yamma. Kano kuwa tana wajen digiri 8 da rabi gabas. Irin wannan tauraro, in tazararsa da gari ta wuce kamar digiri 81, ya faɗa bayan ƙasa ke nan, kamar rana bayan magariba. Sabo da haka ko da kamfanin da kansa ya ƙera eriyar, in an ɗora ta a kan mota a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, ba abin da za ta ji.

Wani zai ce ai an taɓa jin rediyon tauraro a ƙasar nan da ƙaramin akwati. Gaskiya ne. Noah Samara, haifaffen Habasha, ya kafa kamfanin WorldSpace, aka harba tauraronsa mai suna AfriStar a watan Oktoba 1998, ya tsaya a digiri 21 gabas, daidai kan Afirka. Kamfanoni irin su Hitachi da Sanyo da JVC da Panasonic su ka ƙera akwatunansa, kowane da 'yar eriya shimfiɗaɗɗiya wadda a ke fuskantar da ita sama. Amma akwatunan sun yi wa talaka tsada, masu biyan kuɗi ba su yi yawan da za su riƙe kamfanin ba, har ya karye a watan Oktoba 2008, shirye-shiryensa kuma su ka bi shi. Wanda ya sayi tsohuwar eriyar WorldSpace yau ya sayi abin tarihi. Ba ta ma dacewa da akwatin Amurka, gama zangonta daban ne, megahaz 1,452 zuwa 1,492.

'Yan'uwanmu mazauna Amurka da Kanada su ne maganar jabu ta shafa sosai, ga kuwa abubuwan da ya kamata su lura da su. Na farko, a cikin baƙin kwanson nan akwai ɗan farantin da ke kamo sigina, da wata 'yar na'ura da ke ƙara masa ƙarfi, wadda ke shan wuta daga akwatin rediyo ta cikin wayar nan guda. In na'urar ba ta da kyau, sauti zai riƙa yankewa da zarar mota ta shiga ƙarƙashin itatuwa, hoton talla kuwa ba ya nuna cikin kwanso. Na biyu, eriyar GPS mai nuna hanya ta yi kama da ita ƙwarai, har bakin wayarsu kan zo iri ɗaya, amma zangonta megahaz 1,575 ne. Sai a nemi lambar zango a cikin bayanin kaya, in mai talla bai rubuta ba, a bar masa kayansa. Na uku, a gwada lambar samfurin da wadda ke cikin littafin akwatin rediyon, a duba ko bakin wayar zai shiga. Na huɗu, a dubi inda waya ta shiga kwanso ko an toshe shi da kyau, domin abin da zai kwana a kan rufin mota cikin ruwa da rana, nan ne ya ke fara ruɓewa. Na biyar, a yi hattara da kuɗin da ya faɗi ƙasa da na kamfani nesa ba kusa ba, araha dai ba ta ado. Yabon da a ke rubutawa a ƙarƙashin talla kuma ba shaida ba ne, tun da ana iya sayensa. Shaida ita ce a haɗa eriyar da akwati a fili, inda ba rufi ba inuwa, a dubi ma'aunin ƙarfin sigina tun kwanakin mayar da kaya ba su ƙare ba.

A nan gida Nijeriya dokar kare haƙƙin mai saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mutum ikon mayar da kayan da bai samu damar dubawa ba kafin a kawo masa, in ya tarar sun saɓa wa yadda aka siffanta su. Amma a lura da abu biyu. Mai tallan da ya rubuta cewa eriyarsa ta SiriusXM ce bai yi ƙarya ba, shiru kawai ya yi game da ƙasashen da ba ta aiki, shirun nan kuwa shi ne ramin da a ke faɗawa. Kuma ɗan kasuwan da ke wata ƙasa mai nisa, kai ƙararsa wahala ce, sau da yawa kuɗin mayar masa da kayan ya kan fi kuɗin kayan kansu.

Mai son jin rediyo ta tauraro a ƙasarmu yana da hanya, ita ce farantin satalayit da a ke kafawa a gida domin talabijin, gama tashoshin rediyo da dama suna zuwa tare da na hoto. Sai dai ba a yawo da shi, don tilas ya tsaya cik yana fuskantar tauraronsa. Matafiyi kuwa, FM da gajeren zango da wayar hannu sun ishe shi.

Malaman makaranta da akawuna su ne a kan miƙa wa waya a ce su karanta tallan da aka rubuta da Turanci, kamar yadda a da a kan kawo musu wasiƙa. Nauyi ne a wuyansu su karanta har ƙasa, su nemi sunan ƙasashen da abin ke aiki da lambar zangonsa, su faɗa wa mai saye gaskiya ko da ba ita ya so ji ba. Albashin wata bai isa a yi cinikin biri a sama da shi ba.