Kafin a karɓi makullin motar haya

Lokacin biki ya kama. A Zariya, daga Muchia zuwa Samaru, ba ka rasa ayarin kai amarya a hanyar Sakkwato ranar Asabar, motoci a jere, rabinsu na aro ne ko na haya. An yi ciniki a tsaye a bakin gareji, an miƙa kuɗi, an miƙa makulli, an ce Allah ya kiyaye hanya. Babu wanda ya tambayi wa zai biya idan aka buge motar a Kwangila. Mai mota na jin nauyin tambaya kada a ce yana fatan sharri, mai haya kuma na gudun a ce bai yarda da ƙaddara ba. Sai tsautsayi ya faɗa, a wayi gari mutanen da suka shekara ashirin suna gaisawa suna gaban 'yan sanda.

Abin da ya fi damuna shi ne amsar da ake bayarwa idan ka matsa: "Ai motar tana da inshora." Wace iri? Yawancin motocinmu inshorar ɓangare na uku suke da ita, wadda doka ta wajabta. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiyar da aka lalata daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Amma wannan kuɗi na wanda ka buge ne, motarsa ko shagonsa ko katangarsa. Motar da kake ciki, ko da ta koma gwangwani, ba ta da ko sisi a wannan takarda. Mai son a biya masa tasa motar sai ya yi cikakkiyar inshora, wadda hukumar ta ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar a shekara. Mota ta miliyan 10 ke nan naira 500,000. Mutum nawa ne a Sabon Gari suke biyan wannan?

Akwai kuma wani tarko. Motar da aka yi wa inshora a matsayin ta gida, idan aka ba da ita haya don kuɗi, an fita daga sharaɗin takardar, kamfani na iya ƙin biya. Ga takardun bogi da ake sayarwa a gefen ofisoshin lasisi, wanda bai san dawan garin ba ya karɓa ya ajiye a motarsa yana zaton an rufa masa asiri. Tun da 'yan sanda suka fara matsa bincike a Fabrairun 2025, kowa ya nemi takarda, amma kaɗan ne suka duba lambar motarsu a rumbun bayanan inshora na NIID su ga ko tana nan da gaske. Abu ne na minti biyu a waya.

Malamanmu na jami'ar Ahmadu Bello da ɗalibai masu fita taro Ingila suna haɗuwa da wannan tambaya a wata kama. A can, kamfanin hayar mota kamar Hertz ko Avis yana rubuta wani kaso da kai za ka biya daga aljihunka kafin inshora ta taɓa komai, sannan ya riƙe kuɗin a katinka har ka mayar da mota lafiya. Wasu katunan bashi na banki suna ɗaukar nauyin wannan kaso, da sharaɗin ka biya kuɗin hayar gaba ɗaya da katin, kuma sau da yawa sai ka fara biya daga baya su mayar maka. Galibi ɓarnar motar hayar kawai suke rufewa, ban da mutumin da ka buge. Katin ATM da ke aljihun yawancinmu kuwa ba katin bashi ba ne, kada wani ya tsaya a filin jirgi yana dogaro da shi.

Na yaba wa tsarinsu abu ɗaya: kafin ka tada mota, an zagaya ta an rubuta kowane ƙarce, ka san iyakar abin da za a caje ka. Mu ma ba baƙon abu ba ne a gare mu. Malaman fikihu sun daɗe da bayyana cewa abin haya amana ne a hannun wanda ya karɓa, ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare abin da aka yi yarjejeniya a kai. Wanda ya ce Shika zai je ya zarce Funtua, ko ya ba ƙaninsa marar lasisi tuƙi, ya ƙetare. Wanda taya ta fashe masa don tsufa, bai yi laifi ba. Amma ta yaya alƙali ko mai unguwa zai bambance, idan babu abin da aka rubuta?

Ga masu gudun inshora saboda shubuha, akwai takaful, wato inshorar Musulunci, kuma kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suna da lasisin hukuma. Wannan uzuri ya kau.

Abin da nake roƙon masu ba da hayar mota a Muchia da kewaye, da shugabannin ƙungiyoyin direbobi, bai fi takarda guda ba: ina za a je, wa zai tuƙa, wace inshora motar take da ita, nawa ne iyakar abin da mai haya zai biya idan an samu matsala. A ɗauki hoton motar ta kowane ɓangare da waya, shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa kafin ayari ya tashi.