Ragon Layya: Tsakaninmu Da Masu Saye, Kowa Ya Gyara Nasa

Duk shekara in Babbar Sallah ta rage kwana goma, tikenmu na Sokode da na Dapaong sai su koma kamar filin dambe. Mai saye ya shigo da fushinsa, yaron da ke riƙe da igiya ya tare shi da nasa. A taya, a ce albarka, kafin ka ankara an kai ga zagin iyaye. Sallah ta wuce, kowa ya yi shiru sai baɗi. To, bana mun ga ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya tun da sauran lokaci.

Mu fara da kukanmu. Mutum zai zo ya dafa rago, ya ce mun cika tsada, ba mu da tsoron Allah. Bai san hanyar da ragon nan ya biyo ba. Manyan raguna irin balami da uda yawanci daga Nijar da Barkina Faso suke fitowa, su shigo ta Sinkase. Daga nan a loda su a mota, a bi Dapaong, Mango, Kara, a haura duwatsun Alejo kafin a sauka Sokode, kusan kilomita 300 daga Dapaong. Kuɗin mota, kuɗin takardu, dusa, harawa, ruwa, ga wanda zai mutu a hanya. Duk a kan sauran ragunan za a raba.

Sa'an nan zamani ya sake. Dattawanmu suna tuna Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, kaya suka tashi dare ɗaya. Tun daga 2022 kuma, da aka sa dokar ta-ɓaci a jihar Savanes saboda hare-haren bakin iyaka, shiga ƙauyuka neman dabba ya zama sai da shiri. A watan Mayun 2025 gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi gab da Sallah. In kaya suka yi ƙaranci, dole kuɗi su hau. Wannan ba laifin yaron tike ba ne. Yaro ya wuni a rana tun asuba, ko karin kumallo bai yi ba, ladansa bai taka kara ya karya ba, amma shi ake ce wa ɓarawo. Haba jama'a!

Amma fa in za mu faɗi gaskiya, mu ma da namu. Wanda ya zo sayen rago ba don nishaɗi ya zo ba. Wani ma'aikaci ne da ya yi wata shida yana tari, wani kuma 'ya'yansa na gida suna leƙen na maƙwabta. In ya taya ƙasa, ba raini ba ne, abin da ke aljihunsa ke nan. Me zai sa mu yi masa dariya a gaban mutane, mu ce ya je ya sayi zakara? Mun sha jin wannan magana daga bakin yaranmu, mu kuwa muna zaune a inuwa ba mu tsawata ba.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Wasunmu na ba dabba gishiri da ruwa da yawa don cikinta ya kumbura. Wasu na ɓoye gurgun rago a tsakiyar garke. Wani dillalin kuma mai kaya ya ce masa jaka 90, ya je ya ce jaka 120, ya ci ta nan ya ci ta can, ga la'ada kuma. Duk wanda ya zauna gaban malam ya karanta Risala ya san dabba mai ido ɗaya, ko gurguwa, ko mai ciwo a fili, ko ramammiya ƙwarai, ba ta isar wa layya. Haka wadda shekarunta ba su kai ba. Ka sayar wa mutum irin wannan ka yi shiru, ka ci kuɗinsa ka kuma ɓata masa ibada. Ina ribar?

Shawararmu ga ƙungiya guda huɗu ce. Na ɗaya, a yanke la'ada, a faɗe ta a fili a ƙofar tike, kowa ya sani. Na biyu, kada a karɓi kuɗi sai an buɗe wa mai saye bakin dabba ya ga haƙora, an kuma ja ta ta yi tafiya a gabansa. Na uku, a zaunar da dattawa biyu tare da sarkin tike a kwanakin nan goma, duk rigimar da ta tashi a kai gabansu nan take. Na huɗu, kowane maigida ya ciyar da yaransa, ya sama masu ruwa da inuwa, don mai yunwa ba ya da bakin kirki.

Ku kuma masu saye, don Allah ku riƙa zuwa da wuri. Wanda ya bari sai jajibere, ya zo da gaggawa cikin cunkoso, shi ne ya fi saurin fushi. In kuɗin bai kai na balami ba, ɗan ragon gida mai lafiya da ya cika shekara ya isa layya.

Kakanninmu fataken goro da suka riƙa bi ta Didawure zuwa Gwanja, amana ce jarinsu. Mutumin da ka wulaƙanta bana, shi za ka nema ranar suna ko biki, lokacin da kasuwa ta yi sanyi. Allah Ya ba mu ciniki mai albarka, Ya kai mu Sallah lafiya, amin.