Waiwaye: Daɓen da ke ɗauke da narkakken ƙarfe

A 1856 Henry Bessemer ya fito da hanyar tace ƙarfe mai araha a Ingila, sai dai tana da aibi: ba ta raba ƙarfe da sinadarin fosfaras, mai sa shi saurin karyewa. Wanda ya gano bakin zaren kuwa ba maƙeri ba ne. Akawun kotu ne a Landan, Sidney Gilchrist Thomas, shi da ɗan'uwansa Percy Gilchrist. Suka ce a sauya abin da ake yaɓe cikin tukunyar tace ƙarfen da shi, a sa gasasshen dutsen dolomait, aka kuma gwada gaban jama'a a Middlesbrough a 1879.

An fi tuna dutsen. Ni wahalar zaunar da garinsa ta fi tsaya mini a rai. Ba a kwaɓa shi da ruwa, don da ya sha sai ya kumbura ya ruguje. Da tafasasshiyar kwalta aka riƙa haɗa shi ana kirɓawa.

Yau a gindin tanderun lantarki busasshen garin magnesiya aka fi zubawa, amma duk wanda ya taɓa ganin mata suna daɓe zai gane aikin. Ba gari ne zalla ba: akwai ƙwayoyi kamar tsakuwa, da matsakaita, da mai laushi. Manyan su jingina da juna, ƙananan su cusa tsakaninsu su kori iska. In aka tuttulo shi daga sama, sai manyan su gangara gefe su bar ramuka. In aka zuba da kauri don a gama da wuri, injin girgiza ya daddale saman kawai, ƙasa na nan sako-sako. Shi ya sa ake bi hawa-hawa, ana caccakawa, ana kuma karce fuskar kowane hawa don na gaba ya kama. Ido ba ya bambance mai kyau da na ha'inci. Ƙarfe mai zafin digiri 1,600 shi ke laluben ramin.

Ba a ma so duka ya daskare. Zafin narkon farko yakan gasa saman ya zama dutse, can ƙasa kuwa a bar shi gari, don in saman ya tsage, ƙarfen da ya zurara ya tarar da matsattsen gari ya sandare a nan, bai kai ga ɓawon tanderun ba.