Kuskuren agogo bai kai a goge kwamfuta ba

Duk wanda ya haɗa Ubuntu da Windows a kwamfuta ɗaya ya san wannan: ka bar Ubuntu ka shiga Windows, sai ka tarar agogo ya koma baya da awa ɗaya. Wani mai gyara ya ce min sai an goge komai an sake ɗorawa. Na ƙi. Wannan gaggawar gogewa tana jawo wa mutane asarar takardunsu a banza.

Matsalar saiti ce kurum. Linux na ajiye agogon na'ura a kan lokacin UTC, Windows kuwa na ɗaukarsa lokacin gida ne, mu kuma a Najeriya mun riga UTC da awa ɗaya. Buɗe Terminal ka rubuta timedatectl set-local-rtc 1, sannan ka daidaita agogon Windows sau ɗaya.