A Kai Ɗalibai Su Ƙirga Baƙin Dagona

A shekarar 1822, wani maharbi a arewacin Jamus ya harbo wata farar shamuwa, sai ga mashi na mutanen Afirka soke a wuyanta. Da shi ta ƙetare hamada da teku. Kafin wannan lokaci akwai masanan Turai da ke zaton wasu tsuntsaye kan nutse cikin laka su yi barci idan sanyi ya shigo. Gawar tsuntsuwar tana ajiye a Jami'ar Rostock, tana shaida cewa wurinmu suke zuwa.

Ɗaya daga cikin masaukansu shi ne tafkin Dagona, a ƙasar Bade ta Jihar Yobe, kusa da Gashuwa. Yana cikin fadamar Haɗeja da Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke malala kafin su zama kogin Yobe. Tafkin yanki ne na gandun ƙasa na Tafkin Cadi, kuma a 2008 aka sanya shi cikin dausayin da duniya ta amince da muhimmancinsu a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, agwagin ruwa da tsuntsayen bakin gaɓa daga Turai da yammacin Asiya sukan sauka nan, su gauraya da 'yan gida irin su kirinjijiya da ɗinya da zalɓe da balbela. Ba sanyi kaɗai ke koro su ba. Ƙanƙara ce ke rufe musu ruwa, abinci ya yanke.

Ra'ayina shi ne, kowace makarantar sakandare da ke iya kaiwa can, ko wani bakin kogi makamancinsa, ta ware rana guda a watan Janairu ta fitar da ɗalibanta su taka da ƙafa su ƙirga tsuntsaye.

Na san abin da za a ce: kallon tsuntsu aikin Bature ne da ya ƙoshi. Manomin da jan baki ya cinye wa gero ma zai faɗi abin da ya fi haka zafi, kuma ba zan ga laifinsa ba. To amma a dubi abin da ya faru a Ingila a 1969. Masu ƙidayar sa kai suka lura cewa fiye da rabin wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro bai komo daga Afirka ba. Da aka bi diddigi, sai aka tarar fari ne ya kama yankin Sahel, wato ƙasarmu, inda tsuntsun ke yin hunturu. Wannan fari shi ne ya ci gaba har ya hallaka dabbobi da amfanin gona a farkon shekarun 1970. Littafin ƙidaya ya ga alamar masifar tun duniya ba ta farga ba.

Fadamar Haɗeja da Nguru tana buƙatar irin wannan ido. Tun da aka gina madatsar ruwan Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamar ta sauya hali. A wasu wurare ruwa ya ragu, a wasu kuma ya daina janyewa da rani, sai kacala ta samu gindin zama ta toshe hanyoyin ruwa. Abin da ya hana agwagwa wurin kiwo shi ne ya hana masunci jefa taru, ya hana manomin shinkafa gonarsa. Tsuntsun da zai ƙetare Sahara a watan Maris sai ya tara kitse tukuna, kuma daga wannan ruwa yake tara shi.

Aikin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Malami ya zaɓi tafarki guda a bakin ruwa, kamar kilomita 2, a sa alama a inda za a riƙa tsayawa. A fita da sassafe kafin iska ta tashi, da tufafi marasa ɗaukar ido, ba hayaniya. A rubuta rana da lokaci da yanayin hazo da irin tsuntsun da adadinsa. Babban garke akan ƙirga goma, sannan a auna sauran da ido goma-goma. Sharaɗin kawai shi ne baɗi a bi wannan tafarki, a irin wannan lokaci, in ba haka ba lissafin bana da na baɗi ba za su kwatantu ba. Haka ake gudanar da ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya kowane Janairu tun 1967.

Kada kuma a tafi ba tare da izinin ma'aikatan gandun ba, ko ba tare da ɗan gari ba. Tsohon masunci ya san sunan kowane tsuntsu da Hausa ko Badanci, ya san watan zuwansa da abin da yake ci. Ɗalibi ya buɗe shafi na musamman ya rubuta waɗannan sunaye kusa da na littafin kimiyya, domin da yawansu ba su cikin ƙamus.